Mazaunin Tankin Ruwa: Ƙarfe, Kankare ko Katako?

Duk wanda ya haƙa rijiyar burtsatse a Kaduna, ko a Kawo yake ko a Barnawa, abin da zai biyo baya shi ne shawarar inda zai ɗora tankinsa. Kafin a shiga ciniki ya kamata a san nauyin da ake magana a kai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai cin lita 2,000 idan ya cika nauyinsa tan 2 ne, kwatankwacin buhun siminti 40, kuma a saman tsakar gidan da yara ke wasa za a ajiye shi.

Katako ba abin tattaunawa ba ne, gara da damina sun ishe shi. Ginshiƙin kankare yana da ƙarko idan an zuba rodi isasshe, domin kankare yana jure danniya amma ba ya jure ja, rodin ne ke ɗaukar wannan. Sai dai yana bukatar kusan kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, ga shi in an rufe ba mai sanin abin da ke cikinsa.

Ni dai zaɓina ƙarfen angil ne, wato ƙarfe mai kusurwa kamar harafin L, wanda aka ɗaure da sandunan gicciye. Dalilin a fili yake: murabba'i yana karkacewa idan aka tura shi daga gefe, alwatika kuwa ba ta sauya siffa sai ɗaya daga cikin gefenta ya lanƙwashe ko ya tsinke. Sandar da aka gitta daga kusurwa zuwa kusurwa tana raba kowane murabba'i gida biyu, ta mayar da shi alwatika, kuma ita ce ke tsayawa lokacin da iskar farkon damina ta taso a watan Afrilu ko Mayu, irin wadda ke yaye rufin kwano. Doguwar ƙafa siririya lanƙwashewa take yi ta tsakiya, kuma idan aka ninka tsawonta ba tare da ɗauri ba, nauyin da za ta iya ɗauka yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa nake so in ga ɗauri a kowane hawa, ƙasan ya fi saman faɗi, ƙafafu huɗun kuma an dasa su cikin kankare. A Kasuwar Panteka akwai masu walda da suka san wannan aiki, kuma fa'idar ƙarfe ita ce komai nasa ido na gani.

To amma nan ne ha'inci ya fi yawa. Wani mai walda ya taɓa karɓar kuɗin angil mai kaurin milimita 5 a hannuna, ya kawo wanda bai kai ba, ya lafta masa fenti har ya yi ƙyalli. Kada ka yarda a shafa fenti kafin ka duba. Ka sa a auna kaurin a gabanka, ka bi kowace mahaɗa da yatsa: walda ta gaskiya layi ce a jere, ta ha'inci kuwa ɗigo-ɗigo ce da aka cike tsakaninta da kwaɓi. Ka lura da tsohon ƙarfen da tsatsa ta ci aka goge shi, ramukan suna nan ƙarƙashin fentin. Wasu sukan cire sandunan gicciye a gefe biyu su ce ado ne, alhali su ne ran aikin. Rodin harsashi ma sai an kula: mai milimita 12, tsawon mita 12, nauyinsa ya kusa kilo 11, wanda ya gaza haka sosai an rage masa jiki.

Saman ma a shimfiɗa faranti ko sanduna kusa da juna, domin gindin tankin roba yana bukatar ya zauna gaba ɗayansa, in ba haka ba zai lotsa ya tsage. A ɗaure tankin da mazauninsa, saboda ranar da ba ruwa a ciki ita ce ranar da iska ta fi samun sauƙin ɗauke shi.