Fulorans ko Benis: wanne ya fi dacewa da tafiyar ayari ta farko?

Idan mutum goma sha biyu ne ko fiye, kuma karon farko ne a Italiya, mun fi ba da shawarar Fulorans. Daga tashar jirgin ƙasa ta Santa Maria Novella zuwa babban cocin Duomo tafiyar minti goma ce a ƙafa, gidajen tarihi na Uffizi da Accademia kuma duk suna kusa. Sai dai gidajen tarihin biyu a rufe suke ranar Litinin, kuma ayarin da bai yanki tikiti mai ƙayyadadden lokaci ta intanet ba, zai ƙare safiyarsa a layi. Hawa ƙubbar Duomo matakala 463 ne, babu lif, don haka a tambayi dattawa da masu ciwon gwiwa kafin a biya.

Benis ta fi ɗaukar ido, amma ta fi wahalar da ayari. A kan ruwa aka gina ta, babu mota a cikinta, gadoji sun haura 400, yawancinsu masu matakala, ga akwatuna a hannu. Jirgin ruwan haya yakan cika, rabin mutane su shiga, rabi su tsaya a gaɓa, nan ake fara ɓacewa. Tun 2024 an hana ayarin yawon buɗe ido wuce mutum 25, an kuma hana lasifika. Daga Oktoba zuwa Disamba ruwa kan hau dandalin San Marco.

Masu son ganin duka biyun su kwana a Fulorans, su je Benis da jirgin ƙasa mai sauri, awa biyu da 'yan mintuna. A tsayar da wurin haɗuwa guda tun kafin a sauka.