FNP da PMHNP: a haɗa su lokaci guda ko a bi ɗaya bayan ɗaya?

Wa alaikumus salam, Sista. Allah ya sanya albarka a wannan niyya taki ta zama NP, wato ma'aikaciyar jinya mai zurfin karatu da ke duba marasa lafiya har ta rubuta magani a nan Amurka. Kin tambaya ko ki haɗa fanni biyu lokaci guda ko ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin kwas ɗin da ya haɗa FNP (fannin lafiyar iyali) da PMHNP (fannin lafiyar ƙwaƙwalwa) a zama ɗaya, da kuma yin FNP kaɗai sannan a ƙaro na lafiyar ƙwaƙwalwa daga baya, na biyun zan ce ki bi. Shi na bi, kuma da za a mayar da ni baya shi zan sake bi.

Na fara da FNP, wato kula da lafiyar iyali tun daga jariri har tsoho, na kama aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa a nan Amurka. A can na haɗu da wata dattijuwa 'yar ƙasarmu da ta zo wa 'yarta wankan jego, zama ya miƙe da ita. Kullum ƙorafinta ɗaya ne: ciwon kai, nauyin jiki, barci ba ya zuwa. Hawan jininta mun shawo kansa, gwajin suga da na maƙoƙo da na ƙarancin jini duk sun fito lafiya, amma ba ta daina dawowa ba. Wata rana na ture kwamfutar gefe na ce, "Mama, da rana wa kike hira da shi?" Ta yi shiru, can ta ce ba kowa. 'Yar da mijinta suna wurin aiki, manyan yaran suna makaranta, ga sanyin hunturu, ba maƙwabciyar da za ta leƙo, ba biki ba suna. Na karanta mata tambayoyi tara na PHQ-9, wato ma'aunin gano ciwon damuwa, da Hausa, sakamakon ya nuna ciwon damuwa ƙarara. Da na ce zan tura ta wurin ƙwararre sai ta kama hannuna ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, in dai ba ni zan duba ta ba, ta haƙura. Na fara mata magani iya abin da horona ya ba ni dama, na haɗa ta da wasu matan da ke zuwa masallacin Juma'a. Irin su Mama ne suka mayar da ni aji, kuma na koma ne ina sane da abin da na je nema.

Karatun na biyu satifiket ne na bayan mastas, kuma ya zo min da sauƙi ta hanyoyin da ban yi zato ba. Ina karɓar albashin NP a lokacin, wurin aikina ya biya wani ɓangare na kuɗin makaranta, sannan likitan ƙwaƙwalwar da nake tura wa marasa lafiya shi ya karɓe ni horo, ban biya ko sisi ba, don ya riga ya san aikina.

Masu tallan kwas mai fanni biyu suna yawan cewa za ki rage lokaci da kuɗi. Ragin bai kai yadda suke zuzutawa ba. Manyan darussa uku da kowane NP ke yi, wato ilimin yadda cuta ke aiki a jiki, ilimin magunguna, da duba mara lafiya, sau ɗaya ake yin su ko ta wace hanya kika bi. Idan kika dawo neman satifiket, makaranta za ta duba abin da kika riga kika yi ta cire miki shi. Sai dai kar ki bar shekaru su yi nisa, don wasu makarantun ba sa karɓar darasin magunguna in ya tsufa.

Abin da ba ya raguwa shi ne awannin horo a asibiti, kuma a nan ake jin jiki. ANCC, hukumar da ke shirya jarrabawar shaidar ƙwarewa, ta daɗe tana neman aƙalla awa 500, kuma ƙa'idojin ƙasa na 2022 sun ɗaga abin da ake so makarantu su bayar zuwa 750. Kowane fanni da nasa awannin. Ki raba 750 da awa takwas, kwana 94 ke nan kina tsaye a asibitin wani ba albashi. Mai fanni biyu za ta yi kusan ninkin haka, kuma sai ta samo masu horar da ita a ɓangaren yara, da mata, da manya, sannan ta koma neman na ƙwaƙwalwa, waɗanda su ne suka fi wuyar samu. Ki ɗora wannan a kan aikin awa goma sha biyu sau uku a mako, da yara, da 'yan gida masu jiran saƙon ƙarshen wata. Taura biyu ba ta taunuwa.

To, ba zan ce mai fanni biyun ba shi da amfani ba. Fom ɗaya ne, shiga ɗaya, kuma bashin karatu na gwamnatin tarayya ya fi saurin samuwa a kan digiri fiye da wasu satifiket ɗin. Wadda ba ta da ɗawainiya, tana da ajiya, kuma tana shirin aiki a ƙauyen da ita ce komai, zai yi mata. Iyakarsa ke nan a wurina. Wata abokiyar aikina ta yi shi, ta ci jarrabawa biyun, amma yau fanni ɗaya take aiki da shi, don masu ɗaukar aiki kujera ɗaya suke tallatawa. Ga shi kowace shaida sai an sabunta ta duk shekara biyar. Wajen sabuntawar, wata hukumar jarrabawar, wato ta AANP, tana neman awa 1,000 na aiki a fannin da awa 100 na ƙarin ilimi, in babu sai a sake zama jarrabawa.

Wajen cike fom, abin da ya fi tsayar da 'yan uwanmu takardu ne. Shaidar RN (ma'aikaciyar jinya mai rajista) ta makarantar jinya ta gida ba digiri ba ce a wurin makarantun Amurka, yawanci sai kin yi BSN, wato digirin farko na jinya, tukuna. In kuma BNSc, wato digirin jinya, kika yi a jami'ar gida, sai masu tantance takardun karatun ƙasashen waje, WES ko TruMerit (wadda a da ake kira CGFNS), sun tantance shi, kuma ki tambayi makarantar wanne take karɓa kafin ki biya. Ki aika neman takardar sakamakonki daga gida tun yanzu, ki sa wani ɗan uwa ya riƙa bin sawu da ƙafa. Yawanci suna son GPA 3.0, darasin ƙididdiga, da wasiƙun shaida daga waɗanda suka ga aikinki, kuma da yawa ta NursingCAS, shafin neman shiga makarantun jinya, ake nema. Idan an ɗauke ki za su nemi katin rigakafi da gwajin tarin fuka. Mu da aka yi wa lambar BCG ta tarin fuka muna jarirai, gwajin fata yakan nuna kamar muna da cutar, don haka ki nemi a yi miki na jini tun farko.

Baki tambaya ba, amma sai na faɗa. Harkar nan cike take da 'yan damfara. Kar ki yarda da tambarin CCNE ko ACEN, wato hukumomin da ke tantance karatun jinya, da makaranta ta manna a shafinta, ki shiga shafin hukumar da kanki ki ga sunan kwas ɗin. Ki kuma tabbatar hukumar jinya ta jiharki ta yarda da shi, don ba kowane karatun intanet ake karɓa a kowace jiha ba. Akwai dillalai a WhatsApp da Facebook masu karɓar daloli da sunan za su samo miki mai horarwa, ana saura mako biyu a fara su kashe waya. Mafi muni su ne masu cewa za a sa miki hannu a kan awannin da ba ki yi ba. A watan Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo badaƙalar da suka kira Operation Nightingale, inda aka sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu a Fulorida, kuma hukumomin jihohi suka bi waɗanda suka saya suna ƙwace lasisi. Duk wanda ya nuna miki gajeriyar hanya, lasisinki na RN da kika sha wuyar jarrabawar NCLEX a kansa yake so ki jingina.

Saboda haka ki cike na FNP kaɗai. Kafin ki biya kuɗin kama gurbi, ki rubuta wa makarantar imel ki tambaye su wa ke nemo wa ɗalibi wurin horo, su ko ke, ki ajiye amsar a rubuce. In suka ce ɗalibi ne ke nema, su kuma suna taimakawa, ki duba wata makarantar, ko da ta fi tsada kaɗan. A zangon farko ki rage aiki, amma ki tambayi ofishin ma'aikata awa nawa za ki riƙe don kar inshorar lafiyar yara ta faɗi. Ki faɗa min jihar da kike ta akwatin saƙo, in nuna miki inda za ki duba a shafin hukumar jinyarku.