Sharhi kan akwatin kayan fentin ƙwai da muka kwaikwayi zanen Duccio da shi

Na sayi wannan akwati ta intanet ne saboda ɗalibaina, da niyyar mu kwaikwayi ƙaramin zanen da Duccio, mutumin Siena ta Italiya, ya yi wajajen shekarar 1300: Maryamu riƙe da jariri Yesu, yaron ya miƙa hannu yana taɓa mayafinta. Asalin zanen yana gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, tsawonsa bai kai santimita 30 ba, kuma kyauta ake sauke hotonsa daga shafinsu.

A akwatin akwai allunan katako, garin alli, gam na fatar zomo, jan yumɓu, ganyen zinare, garin launuka da buroshi. Ƙwai kuwa kai za ka nemo, domin da gwaiduwa ake kwaɓa launin.

Koren ƙasar da ke ciki, wato garin launi kore da ake samu daga ƙasa, shi ya fanshe mini kuɗina. Masu zanen wancan zamani sukan fara shafa kore a fuska da hannuwa, sannan su ɗora ja-ja da fari a kai. Na sha faɗa wa ɗalibai haka a aji, amma sai da suka ga koren yana leƙowa ta ƙarƙashin kunci, ya zama inuwa, sannan abin ya zauna musu. Ga shi fentin ƙwai ba ya jiran kowa, kana shafawa yana bushewa. Ba a murza shi a kan allo kamar fentin mai, sai dai a bi da siraran layuka, wani kan wani. Yaran da suka saba gaggawa dole suka nutsu, hannunsu kuma ya gyaru ƙwarai.

Inda raina ya ɓaci shi ne ganyen zinaren, wanda ake liƙawa a kan jan yumɓu ya zama bangon zanen. Na tagulla ne, mai kauri, kuma duk gugar da muka yi masa a kan jan yumɓun bai ba da ƙyallin da ake nema ba. Kamata ya yi mai sayarwa ya faɗi haka a tallarsa. Takardar bayanin ma ba ta san da hunturu ba: allin da aka dama da gam aka shafa wa allo da kauri ya tsattsage, gam ɗin kuma in ya kwana a ɗaki mai ɗumi wari yake yi.

Malamin da zai saya ya nemi zinare na gaske daban, ko da na allo ɗaya ne, ya riƙa dama gam daidai aikin yini, a shafa allin siriri-siriri da tagogi a rufe.