Bashin gwamnati bayan ambaliya ko gobara: nawa za ka biya a zahiri?

In ruwa ya janye daga shago, ko hayaƙin gobara ya lafa, 'yan jaje za su yi kwana uku suna zuwa, daga nan kowa ya kama gabansa. Sai a bar ka da tambaya ɗaya: ina jarin da za a sake tashi da shi? 'Yan Kantin Kwari sun yi wannan tambayar bayan ruwan 2022, mutanen Maiduguri sun yi ta da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, na Mokwa kuma a 2025. Shinkafa da katifa da bargon da hukumar agajin gaggawa ta NEMA ke rabawa kyauta ne, amma ba sa cika shago. Bashi ke cika shago, shi kuwa hanji ne, yana cikin kowa. Abin dubawa kawai a wace ƙofa za ka ci shi.

Ni dai ba na ɓoye zaɓina. In rancen gwamnati mai sauƙin ruwa ya buɗe, kuma za ka iya kai hannunka gare shi da kanka, babu na biyunsa.

Misalin da kowa ya sani shi ne bashin korona. A Maris 2020 Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50, aka raba ta hannun ƙaramin bankin NIRSAL. A lokacin magidanci na iya samun har miliyan 3, mai ƙaramar masana'anta har miliyan 25. Ruwan ya fara daga kashi 5 cikin ɗari a shekara, da sharaɗin zai koma kashi 9, ya kuma koma ɗin a Satumbar 2022. A Disambar 2023 Babban Bankin ya daina karɓar sababbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shiryen, don haka yanzu sai dai a sa ido a kan Bankin Masana'antu, wato BOI, da gwamnatocin jihohi. Rancen da gwamnatin tarayya ta sanar a 2023 bayan cire tallafin fetur ma kusan haka yake: har miliyan 1, ruwa kashi 9, a biya cikin wata 36.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Ka karɓi miliyan 1 a kashi 9 na shekara uku. In ana ɗora ruwan a kan abin da ya rage a kanka, za ka riƙa biyan kimanin 31,800 duk wata, ƙarin da ya hau kai gaba ɗaya bai kai 145,000 ba. In kuwa a kan uwar kuɗin duka ake ɗora shi har ƙarshe, ƙarin ya zama 270,000. Kashi 9 ne nan, kashi 9 ne can, amma tsakaninsu akwai 125,000. Wannan ce tambayar farko da za ka yi wa ma'aikacin banki, kuma kada ka tashi daga kujera sai ya nuna maka amsar a rubuce. A shekarar da tsadar kaya ta haura kashi 30, kamar 2024, wanda ya samu kuɗi a kashi 9 ya saro kaya, kayan da kansu za su biya ruwan.

Tambaya ta biyu, lokacin numfasawa, wato watannin da za a ɗaga maka ƙafa kafin ka fara biya. Shi ne abin da ya fi burge ni a rancen gwamnati, don wanda shagonsa ya ƙone ba zai iya fara biya a wata mai zuwa ba. Sai dai ɗaga ƙafa ba yafiya ba ce. Tambayi ko ruwa na taruwa a wannan tsakanin. In yana taruwa, shekara guda a kan miliyan 1 dubu 90 ke nan tun ba ka biya ko kwabo ba.

Sai ƙananan cire-cire. Ƙa'idar Babban Banki ta 2020 ta ce kuɗin gudanar da bashi kada ya wuce kashi 1 na abin da aka ba ka, sau ɗaya kuma. Tarar jinkiri kada ta wuce kashi 1 a wata na abin da ka gaza biya, bayan ruwan da ke tafiya. Wasu na haɗawa da inshora. Ka nemi a rubuta maka lamba ɗaya: nawa zai shigo asusuna, nawa zan mayar in an gama.

Sauran ƙofofin ba za su ci mana lokaci ba. Babban bankin kasuwanci, in ya ba ka miliyan 1 a kashi 30, za ka mayar da fiye da miliyan ɗaya da rabi cikin shekara uku, bayan ya nemi takardar gida. Ƙananan bankunan da ke cewa "kashi 4 kacal", a wata suke nufi, 480,000 ke nan a shekara a kan miliyan 1. Bashin manhajar waya kuwa, wanda in ka makara a kira surukinka, ban ma ɗauke shi zaɓi ba. Adashi da kayan da uban gida zai ba ka ka sayar ka kawo kuɗi suna da albarka, illa dai ambaliyar da ta ci ka sau da yawa ta ci su.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ruwa ba, ko kashi nawa ne, yana da hujja, kuma malaminsa ya fi ni sanin amsa. Bankuna irin Jaiz da TAJ da Lotus suna yin murabaha: su sayi kayan su sayar maka da riba sananniya, farashin ba ya ƙaruwa a hanya. Bashin korona ma an buɗe masa ɓangaren da babu ruwa. Duk shirin da aka sanar, tambayi ko yana da irin wannan tagar.

To, ga inda na ƙone. A 2020 wani yaro mai shagon kwamfuta a unguwarmu ya ce zai cike mini fom ɗin bashin gwamnati, wai yana da mutum a ciki. Sharaɗinsa kashi 20. Dubu 500 suka shigo, na tura masa dubu 100 ina ta godiya. Har da cewa, "Alhaji, rabonka ne na gwamnati, babu mai bin ka." Na yarda, don abin da nake so in ji ke nan. Da aka zo biya, dubu 500 cif na tarar a kaina, ba 400 ba. Lissafa ka gani: ruwan dubu 500 a kashi 9 na shekara uku bai kai dubu 73 ba. La'adar da yaron ya karɓa a yini ɗaya ta fi ruwan shekara uku. Bankin bai zalunce ni ba, haƙƙinsa ya nema. Fom ɗin ma ashe kyauta ne.

Maganar "babu mai bin ka" kuwa ta mutu tun Agustan 2020, lokacin da tsarin GSI, wato izinin cire bashi kai tsaye daga asusun wanda ake bi, ya fara aiki. In ka sa hannu a kansa ka ƙi biya, za a bi lambar BVN ɗinka a ɗebi uwar kuɗi da ruwanta daga duk asusun da kake da shi a wani banki, har asusun haɗin gwiwa. Sauya banki ba ya fisshe ka. Sunanka kuma ya shiga rajistar masu taurin bashi, ranar da wani shirin ya buɗe ka ga an tsallake ka.

Ni ma da sauƙi, kuɗin sun zo hannuna. Akwai waɗanda aka bi ƙauyukansu aka karɓi BVN da hoto da sunan rajistar tallafi, aka ba su dubu biyar ko goma, aka ci bashi da sunansu, ba su sani ba sai da alat ya fara shigowa. Bayan kowace ambaliya irin mutanen nan suna fitowa kamar cinnaku: saƙon WhatsApp mai tambarin gwamnati, shafin Facebook mai hoton minista, "saura awa 24 a rufe". Alamominsu ba sa canjawa. Za su ce ka biya kuɗin fom ko na tantancewa a asusun wani mutum. Za su nemi lambar sirrin da aka turo wayarka. Za su ce a sa lambar wayarsu a fom maimakon taka, "don a riƙa bibiya". Za su kira bashi tallafi. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ka tashi ka kaɗe rigarka.

Ko a hannun hukuma ta gaskiya, ka buɗe takardar tayin ka nemi kalmar da aka rubuta, rance ne ko kyauta. In Turancin ya yi maka kauri, kai wa ɗanka ko wani akawu da ka yarda da shi ya karanta maka layi-layi, ka ɗauki hotonta a waya kafin ka sa hannu. Tawa takardar yaron nan ne ya danna "na amince" a madadina, ban ga idonta ba sai bayan shekara biyu.