Tayar da tsohon keke mai birkin ƙarfe a gida: kayan aikin da za ka saya da aikin da za ka bar wa mai gyara

Keken da ake magana a kansa shi ne baƙin nan mai taya lamba 28 da birkin ƙarfe, wanda ake tararwa jingine a zaure ko a bayan rumbu, ƙura ta rufe shi, tayoyinsa sun tsattsage. Ko Raleigh ne na Nottingham a Ingila mai tambarin kan zalɓe, ko Phoenix na Shanghai, ko Hero da Avon na Ludhiana a Indiya, ƙirar kusan ɗaya ce, ƙarfen kuma mai kauri ne. Irin wannan keke yana tashi muddin firam da fok (ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba) suna da lafiya, don haka su za ka fara dubawa kafin ka kashe ko sisi. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun firam dab da wuyan keke. In ka ji fenti ya tattare ko ƙarfe ya ɗan kumbura, an taɓa yin karo da shi ta gaba. Tsatsar sama ba ta hana komai, amma wadda bakin sukundireba ya huda ta cinye ƙarfen, sai dai a ciri kayan jikinsa a bar firam ɗin.

A cikin kayan aiki, wanda ya fi cancantar ka zuba masa kuɗi shi ne sifana mai daidaita baki, ta inci 8 ko 10. Dalili kuwa notocin tsohon Raleigh ba da milimita aka auna su ba, awon Ingila ne na da, shi ya sa sifana lamba 13 ko 14 take zama ko ta yi sako-sako ko ta ƙi shiga. Kafin ka biya, rufe bakinta ka girgiza muƙamuƙin da ke motsi. In yana rawa, ajiye ta, don za ta gwigwiye kusurwar noti ta mai da shi kamar ƙwallo. Falalen sifanar nan mai ramuka da yawa da ake sayarwa da araha a shagon kayan keke tana da amfani a hanya, a ɗaure sirdi ko kariya, amma ƙarfenta laushi gare shi, notin da ya shekara ashirin cikin tsatsa buɗe mata baki zai yi. Sai siririyar sifanar kon, mai kaurin kamar milimita 2, wadda ba a daidaita hob, wato cibiyar taya, sai da ita (kon shi ne notin nan mai tsini da boris ke gudu a kansa). Ba kowane shago ke ajiye ta ba. In ka rasa, sayi sifana mai araha wadda ta dace da kon ɗinka, ka kai wa mai walda ya goge ta da injin har ta sirance. Ragowar kayan ba su da wuya: filaya, guduma, magagari, samfefa, soson ƙarfe, tsohon burushin haƙori, lita ɗaya ta kananzir, ƙaramin gwangwanin giris da tsummoki da yawa. Wajen cire taya kada ka sa sukundireba, bakinsa ke tsaga tib. Gindin cokali biyu sun fi shi.

Kwana biyu kafin ka fara kwancewa, ɗiga kananzir ko gas a kan kowane noti, safe da yamma. Yawancin notocin da ake karyawa, gaggawa ce ta karya su. Ka kuma tuna feda ta hagu a juye take kwancewa, wato ta bin hannun agogo.

Aikin boris duk na gida ne, kuma shi ne ke mayar da keke sabo a ƙafa. Shimfiɗa tsumma a cikin faranti ka buɗe hob a kai, don ƙwayoyin kada su warwatsu cikin yashi, sannan ka ƙirga su tun ba ka wanke ba. A bisa al'ada hob na baya yana ɗaukar ƙwaya 9 a kowane gefe masu girman kwata na inci, gindin feda 11 a kowane gefe masu wannan girman, hob na gaba 10 masu 3/16, wuyan Raleigh kuma ƙanana 25 sama 25 ƙasa masu 5/32. Canza su duka lokaci guda. In aka gauraya sababbi da tsofaffi, sababbin kaɗai ke ɗaukar nauyi tunda sun ɗan fi girma, sai su haƙa rami a kon. Bayan ka wanke kon da kananzir, bi layin da boris ke gudu a kai da bakin biro. Duk inda biron ya yi tuntuɓe rami ne, kon ɗin ya gama aiki. Cika kof, wato kwarmin da boris ke zama a ciki, da giris har ƙwayoyin su manne su zauna da kansu, ka ɗaure kon har girgiza ta ɓace amma taya na juyawa ba gurnani. Akwai wani tarko a hob na gaba na tsohon Raleigh: ba shi da notin kulle kon. Kon ɗin da ba ya motsi dole ya kasance a dama, mai daidaitawa a hagu. In aka juya tayar, kon zai riƙa ɗaure kansa ana tafiya har ya murƙushe boris.

Inda aikin ya fi tsayawa shi ne kotafin, ƙusar nan mai gefe ɗaya a fere da ke riƙe hannun feda a jikin aksul. A nan ne ake gane mai gyaran da ya san aikinsa. Kotafin da ya daɗe ba ya fita da lallami, kuma duk dukan da aka yi masa ba tare da tallafi ba, boris da kof na gindin feda ne ke shan sa. Gwani yana sassauta notin har ya yi daidai da bakin zaren, ya kafa guntun bututun ƙarfe daga ƙasa ya tokare hannun feda ta yadda kan kotafin zai faɗa cikin bututun, sannan ya yi duka ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Ƙananan duka goma lanƙwasa zaren kawai suke yi, daga nan sai an huda da injin. Wajen sakawa, kekunan Ingila suna cin kotafin mai kaurin milimita 9.5, kuma sau da yawa sai an ɗan goge feren gefen da magagari kafin ya zauna. Biyun su zama iri ɗaya, a goge su daidai wa daida, a sa su suna kallon saɓanin juna, in ba haka ba hannayen fedar ba za su miƙe a layi ɗaya ba, kana tuƙi kana jin ƙafa ɗaya na riga ɗaya. Da guduma ake zaunar da shi, notin riƙewa kawai yake yi. Wanda ya ce zai jawo kotafin da noti, zaren zai tsinke masa a hannu. In ba ka taɓa yi ba, kai wa mai gyara ka tsaya ka kalla. Kuɗin aikin kaɗan ne, abin da za ka koya ya fi shi.

Kafin ka bar keken a hannunsa, akwai abin da za ka faɗa masa da bakinka. Raleigh na Nottingham yana da zarensa na kansa a gindin feda da wuya, zare 26 a inci ɗaya, alhali kof ɗin da ya cika kasuwa 24 ne. Sabon kof zai shiga zagaye biyu ko uku sannan ya cije, kuma a nan ne za ka ji an ce maka "zai shiga, sai an matsa". Kada ka yarda. In aka matsa shi da ƙarfi zaren firam ne zai lalace, shi kuwa ba a sayensa a shago. Tsohon kof in ba shi da rami a wanke a mayar. In ya lalace, a nan tsohon mai gyara yake da rana, don a cikin buhun tarkacen da ke ƙarƙashin bencinsa ake samun kof da kon na asali da aka ciro daga matattun kekuna. Wannan buhun shi ne babban dalilin da zai sa ka nemi dattijon da ya daɗe a sana'ar, ba yaron da faci kawai ya iya ba.

Daidaita rim ma nasu ne, kuma a wannan aikin masu gyaran bakin hanya sun cancanci yabo ba kaɗan ba. Birkin ƙarfe yana jawo roba sama ne ta kama cikin rim, saboda haka bai isa a ce taya ba ta karkata hagu da dama ba, sai ta zama da'ira sosai. Rim mai tudu yana sa birki ya kama ya saki, ya kama ya saki. Gwani yana juya tayar a kan fok, ya kafa babban yatsa ko alli a gefe, yana murɗa sifok kwata-kwata na zagaye har tudun ya kwanta. Wanda bai saba ba yana iya ɓata yini ya ƙara karkata ta. In za ka sayi sabon rim, ƙirga ramukan hob tukuna: tsofaffin kekunan Ingila sifok 32 ne a gaba, 40 a baya, wasu kuma 36 gaba da baya. Taya kuwa karanta gefenta. Wadda ta dace an rubuta 28 x 1½ ko 40-635. Akwai wata da ita ma ake kira 28 amma lambarta 622, ba za ta hau wannan rim ba ko an yi yaya.

Inda masu gyara da yawa suke da rauni shi ne son guduma da kurfi a wurin da sifana ya kamata ta yi aiki, da ƙwauron giris, da zuba baƙin mai a sarƙa. Baƙin mai cike yake da garin ƙarfen inji, ga shi yana kama ƙura, musamman da hunturu, sai ya zama kamar samfefa tsakanin sarƙa da haƙora. Maganin wannan a hannunka yake: je da giris ɗinka da boris ɗinka, kai ɓangaren da ke buƙatar aiki maimakon keken gaba ɗaya, ku yi ciniki kafin a taɓa komai, ka kuma karɓi tsofaffin kayanka ka dawo da su gida.

Sarƙa a gida za ka auna ta. Daga ƙusa ta farko zuwa ta 25 a sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. In ta wuce da 1/8 na inci, canza ta tare da firwil, wato haƙoran tayar baya, don sabuwar sarƙa tsalle take yi a kan tsofaffin haƙora. Cire firwil sai mai gyara, shi ke da abin kama shi. Sayi sarƙa mai faɗin 1/8, ka bar mata sassauci kamar rabin inci a tsakiya, rufaffen bakin makullinta kuma ya kalli inda sarƙar ke tafiya. Haka gidan robar birki: rufaffen gefensa ya kalli gaba, in ba haka ba rim zai zare robar a birkin farko mai ƙarfi. In tib na sacewa a hankali ba ka ga huda ba, kafin ka kai faci zare cikin bawul ka duba 'yar robar da ke sanye a jikinsa, yawanci ita ce ta bushe ta tsage.

Bayan mako guda da fara hawa, sake tokare hannun feda da bututun nan, ka ba kowane kotafin duka ɗaya, ka ƙara ɗaure notinsa. Sannan ka bi sifok biyu-biyu kana matsawa da yatsu, duk wanda ka ji ya saki ka koma da tayar wurin wanda ya daidaita ta.