Kasuwar Kirsimeti ta Nuremberg: a je da yara, amma a je da hantsi

Tun da muka dawo Sakkwato daga wurin maigida, wanda ke karatu a Erlangen ta ƙasar Jamus, matan unguwarmu ta Mabera ke tambayata labarin rumfunan nan masu rufin ja da fari da suka gani a hotunana. Surukata kuwa tambayarta daban ce: "Ke ɗiyata, mi yak kai ku bukin da ba namu ba?" Na ce mata, "Inna, kasuwa ce a tsakiyar gari, kallo da ciniki muka je." Ga abin da na gani, don amfanin wanda hanya za ta bi da shi can tare da iyali.

Daga Erlangen zuwa Nuremberg tafiyar kamar minti ashirin ce a jirgin ƙasa. In ka fito tasha sai ka miƙe titin Königstraße da ƙafa, ka haye gadar kogin Pegnitz, sai ga ka a dandalin Hauptmarkt inda kasuwar take ci. Ana buɗe ta ranar wata Juma'a a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, a tashi ranar 24 ga Disamba. Rumfunan katako ne, wajen 180, an jera su layi-layi a gaban wata tsohuwar coci da ake kira Frauenkirche. Mutanen garin suna ji da tsufan kasuwar tasu, don akwai wani ƙaramin akwatin katako a gidan tarihinsu da aka rubuta sunan kasuwar a gindinsa tun 1628. Sai dai maigida ya ja hankalina cewa yawancin gine-ginen da ke kewaye da mu sake gina su aka yi, domin jiragen yaƙi sun ragargaza tsohon garin a daren 2 ga Janairu 1945. Shekara uku bayan haka, a 1948, aka koma cin kasuwar a tsakiyar kangaye. Da ba a faɗa mini ba, ba zan taɓa ganewa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsaurin masu kula da wurin. Ba su yarda da adon roba ba, ba kuma lasifika mai kashe kunne. Abin da za ka tarar aikin hannu ne: mala'iku na takarda mai ruwan zinari, kayan wasa na itace, da wasu 'yan mutum-mutumi da ake haɗawa da busasshen ɗan itace, a yi musu kai da ƙwallon goron turawa, a ɗinka musu riguna. Ina tsaye a wurin sai tunanin dukawanmu ya faɗo mini. Jar fatar akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙetaren hamada, amma baƙon da ya fito ziyara daga Hubbaren Shehu ba shi da wani tsararren layi da zai bi a natse ya sayi jaka ko takalmi, sai ya shiga cunkoson Babbar Kasuwa yana tambaya.

Ƙarfe goma sha biyu daidai agogon saman cocin ya buga, sai ga wasu mutum-mutumi bakwai sun fito suna zagaya wani sarki da ke zaune a kan karaga. Tun 1509 aka kafa agogon, don tunawa da dokar 1356 da ta ba manyan sarakuna bakwai ikon zaɓen sarkin daular. Ɗana ya kalla ya ce, "Umma, hakimai ne suka zo gaisuwa fada." Abin bai fi 'yan mintoci ba, kuma yana can sama, sai an ɗaga yaro kafin ya gani. A gefen dandalin akwai wata hasumiyar ruwa mai tsawon mita 19, da wani zoben tagulla a jikin shingenta wanda jama'a ke layi su murza wai don sa'a. Mun wuce abinmu.

Wurin yara yana bayan cocin, a dandalin Hans-Sachs-Platz, kuma can ne kuɗinmu ya yi amfani. Akwai lilo mai juyawa hawa biyu da dawakin katako, da ƙaramin jirgin ƙasa, da wani ƙaramin lilo mai hawa sama. An yi rumfunan ƙasa-ƙasa daidai tsayin yara, akwai kuma inda ake zaunar da su su murza ƙullu su gasa biskit, ko su tsoma kyandir a kala. Ɗiyata ta fi awa a wurin biskit ɗin, ta fito da gari har a gira. Matan da ke kula da su suna da haƙuri, duk da ba ma jin yaren juna sosai. Kowane wasa da kuɗinsa, kuma yaro ba ya hawa sau ɗaya ya ce ya ƙoshi, don haka a yanke abin da za a kashe tun daga gida.

Batun abinci sai an buɗe ido. Ƙamshin gashin da ya cika kasuwar na wasu ƙananan tsiran alade ne, waɗanda garin ya yi suna da su, ana sa uku a cikin burodi. Abin sha mai zafin da kowa ke riƙe da shi, Glühwein, giya ce. Akwai wanda ba giya a ciki, sunansa Kinderpunsch, amma a rumfa ɗaya ake sayar da su kuma kofinsu iri ɗaya ne, shi ya sa nake faɗa da baki, in sake faɗa, in kuma tsaya in ga tukunyar da aka ɗebo. Ana karɓar kuɗin jinginar kofi, in ka mayar a ba ka kuɗinka. Mu dai almond da aka soya da sukari muka ci, sai wainarsu ta gargajiya, Lebkuchen, mai kirfa da kanumfari. Ita ma a karanta takardar jikinta. Abincin rana na gaske sai da muka koma wajen tasha, shagunan Turkawa.

Za a ce maka kasuwar ta fi kyau da dare. Gaskiya ne fitilun suna da kyau, amma da magariba ta yi, wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintoci a Disamba, jama'a kan yi dafifi har ka rasa inda za ka sa ƙafa, ga kofunan giya daidai kan yara. An ce mutum wajen miliyan biyu ke zuwa a shekara, kuma da yammacin Asabar sai ka rantse duk sun zo lokaci guda. Ƙasan wurin duwatsu ne da aka jera, keken jariri na ta tsalle a kai, na gwammace na goya autata. Azahar, la'asar da magariba suna zuwa kusa da juna, ba kuma wurin salla a kasuwar, sai a yi alwala tun daga gida a san inda za a nufa. Bayin ma na kuɗi ne, a riƙe canji, a kuma ninka wa yara safa, don sanyin ta ƙafa yake shiga.

Tsaraba kuwa, kada a saye ta duka a rumfa. Lebkuchen ɗin da na sayo wa Inna da matan gida a cikin gwangwani mai zane, daga baya na gan shi a manyan kantunan gari da sauƙi sosai. Kayan katakon ne ya kamata a saya a kasuwar, su ma ba a taya su, farashin da aka rubuta shi za ka biya.