Injin tace ruwa na RO: ya raba mu da zartsi, ya haɗa ni faɗa da 'yar aikina

Wata huɗu ke nan da aka kafa mana injin RO ɗin, wato mai tura ruwa ta cikin wani tantani ya cire abin da ya narke a ciki, irin mai kwalabe uku da ɗan tanki da ake ɓoyewa ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Mu a unguwarmu nan Kano tuni muka fitar da rai da ruwan famfon gwamnati na Tamburawa, famfon sai ya yi tari ya yi shiru, don haka burtsatse muka haƙa. Ruwan garau yake a ido, amma zartsi gare shi. Cikin buta ya yi fari fat kamar an shafa alli, sabulu ba ya kumfa, zoɓon da nake haɗawa na sayarwa kuwa sai ya bar wani ɗanɗanon kanwa a maƙogwaro. Na sa alif, na tafasa, na sayi tukunyar tacewa mai kyandir, duk a banza. Abin narkewa ya yi a ruwan kamar gishiri a miya, alif ba ya kwantar da shi, tafasawa ma ba ta raba ruwan da shi tunda ruwan ne ke tafiya a tururi.

Ranar kafawa mai aikin ya tsoma wata 'yar na'ura mai kama da biro, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, a kofin ruwan burtsatsen, ta nuna 780. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya 500 ne iyakarsa. Ya tsoma a wanda injin ya tace, ta nuna 41. Shayin da na dafa daren nan har maigida ya tambaya ko ganye na canza. A satin farko da za a tambaye ni, cewa zan yi kowa ya saya ido rufe.

Sai tankinmu na sama mai lita 1000, da yake kai mu kwana uku, ya koma ƙarewa a kwana biyu. Maigida ya ce yara ne ke wasa da famfo. Ni kuma na ɗora wa yarinyar da ke taya ni aiki, na ce ita ke barin ruwa na zuba in tana wanki. Na yi mata faɗa sau biyu, na biyun har da kuka, tana rantsuwa ina cewa ta rufe min baki. Kusan sati uku muna haka, ana ta zuba fetur a janareta don a tura ruwa sama. Wani dare aka kawo wuta na shiga kicin, sai na ji tsiyaya, zir-zir, alhali kowane famfo a rufe yake. Na haska fitilar waya a ƙasa, ga wani siririn bututu an cusa shi cikin magudana yana ta zubarwa. Washegari na zaro shi na sa a bokiti, na tara gorar lita ɗaya a famfon injin. Kafin gorar ta cika, bokitin ya tara kusan lita huɗu.

Na kira mutumin raina a ɓace. Ko a jikinsa. "Hajiya ai haka aikinsa yake, gishirin da ya cire ta ina kike so ya fita?" To gaskiya ya faɗa, tantanin da ke ciki sai ana wanke shi da ruwa in ba haka ba ya toshe. Amma Malam, awa biyu ka yi a gidan nan kana yabon kayanka, ka ci shinkafata, me ya hana ka faɗa min? Sai da na zaunar da yarinyar nan na ba ta haƙuri, kuma har yau in na tuna fuskarta ina jin nauyi.

Yanzu bututun a diro yake zuba, muna goge ɗaki da kora banɗaki da shi. Kada ki gwada wanki da shi, ya fi na burtsatsen cin sabulu.

Tunda abin ya motsa, bari in ƙarasa. In babu wuta ba ya aiki, ɗan tankin kuma bai kai na cika jarka ɗaya ba, sai in zauna ina gadinsa ranar da nake da odar zoɓo. Matatar farko da aka ce wata shida za ta yi, a sati bakwai ta koma kalar ƙasa. 'Yar na'urar awon ma ba ta ganin ƙwayoyin cuta, abin da ya narke kawai take ƙirgawa, wannan ma ƙanina ne ya gaya min, ba mai aikin ba. Surukata kuwa ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye kofin, ta ce ruwan salam ne ba ya kashe ƙishi, a ɗebo mata na randa.